Ƙofar da Mai Walda Ya Liƙe

Akwai wani mai walda da ake kira Ƙarfe, saboda taurin kansa da na aikinsa. Kirarinsa ɗaya ne: abin da ya liƙa, sai dai a bar wa tsatsa.

Shagonsa na gaban gidan mahaifinsa, ta cikinsa ma ake shiga gidan. A baya kuwa akwai fili mai famfo da inuwa, katangarsa ɗaya da gidan marayu. Tun da daɗewa tsohon ya huda 'yar ƙofa a katangar, yaran na shigowa su ɗebi ruwa, su yi wasa.

Ranar da ciwo ya ci ƙarfin tsohon, ya sa kowa ya fita, ya riƙe hannun ɗansa.

"Filin bayan nan na bar wa marayu, wasiyyata ke nan. Kai ka ji, kai za ka faɗa. Kada ka rufe ƙofar nan."

Ƙarfe ya ce ya ji. Kafin la'asar tsoho ya cika.

Da aka zauna rabon gado, baffansu ya tambaya ko marigayin ya bar wasiyya. Ƙarfe ya sunkuyar da kai, ya ce bai bari ba. Ƙanwarsa Auta ta kafe shi da ido, ta tuna masa Baba ya sha faɗin filin na yaran ne. Ya ce surutun tsufa ne, ta iya bakinta. Abin takaici, mutum ya ci amanar wanda ko kabarinsa bai bushe ba!

Mako bai zagayo ba ya toshe ƙofar da bulo, ya ƙara wa katangar tsawo, ya mai da filin ma'ajiyar rodi. Mai kula da marayun, wata dattijuwa mai ɗingishi, ta zagayo ta roƙe shi ko famfon ya bar musu. Ya ce gidan ubansa ba gidan kowa da kowa ba ne. Ta ce Allah ya kyauta, ta juya.

Daga nan katangar ta hana shi sakat. Ya yi shafe, ya yi fenti, amma bayan kwana biyu sai shatin ƙofar ya fito raɗau, kamar an zana da gawayi. Magini ya ce danshi ne kawai. Ƙarfe ya yarda a baki, amma bai daina kallon wajen ba. 'Yarsa tilo kuma kullum tana tsugune a gindin katangar, tana hira da ƙawayenta marayu ta wata 'yar tsaga.

Haushi ya sa ya kawo ƙofar ƙarfe mai kauri, ya kafa ta a kan shatin, ya liƙe ta da ginshiƙai, walda kan walda. Ya ce to, shati ya fito ya gani.

Wata rana da azahar, ya tafi sayen kayan aiki, matarsa ta leƙa maƙwabta, tukunyar gas ta fashe a shagon. Ya dawo ya tarar wuta ta tare hanyar shiga. Yarinyar tana ciki.

Ya zagaya a guje ta gidan marayu. Dattijuwar da manyan yaranta har sun fasa bulon da guduma, sun ci karo da ƙarfensa. Suna duka, ko gezau. Hayaƙi na tashi ta bayan katanga.

"Baba, buɗe mini," in ji yarinyar, tari na yanke mata magana.

Ya fizge gudumar, yana dukan waldarsa yana roƙon Allah ta ɓalle. Bai taɓa fatan aikinsa ya zama na banza ba sai ranar. Waldar ta ƙi. Sai da suka haƙura da ƙarfen suka rushe katangar gefensa, sannan aka jawo yarinyar a some.

Ta rayu, amma hayaƙi ya taɓa mata huhu. A bakin ɗakin asibiti Ƙarfe ya durƙusa gaban baffansa da Auta, yana kuka, ya maimaita maganar tsohon ɗaya bayan ɗaya.

Filin ya koma hannun marayu, ba a sake tayar da katangar ba. Amma har yau, in yarinyar ta fara tari a ɗaki, Ƙarfe yakan ajiye abin da ke hannunsa, ya tsaya yana saurare har ta gama.

Darasi: Wasiyyar alheri amana ce, wanda ya danne ta kansa ya toshe wa hanya. Mai niyyar barin sadaka kuma ya kira shaidu tun yana da lafiya, kada ya dogara da kunne ɗaya. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana riƙe da irin wannan amanar ya yi shiru.