Igiyar Cindo

Tun zamanin da jiminu ke kiwo har bakin gonaki, an yi wani maharbi wai shi Cindo, don yatsu shida gare shi a hannun dama. Maroƙa kan ce masa, "Cindo na Yalwa, kibiyarka ba ta kwana a daji!" Yalwa matarsa ce, suna da 'ya'ya mata biyu.

Wata shekara ya bi sawun wata farar jimina kwana arba'in cikin hamada, har ta ɓace masa a bakin ganuwar wani birni da fatake ke kira Dogon Soro. Gidajen birnin na ƙasa ne zalla, hawa bakwai, wasu takwas, sun matsu da juna har rana ba ta sauka lungu sai ta take tsaka. Cindo mutum ne mai kiyayewa. Ya samo igiya ya auna kaurin bango da faɗin taga da tsawon azara, kowane awo ya yi masa ƙulli. Da ƙulli casa'in da uku ya koma gida.

Ya kira gayya, cikin rani guda aka tayar da hawa huɗu, bai kauce wa ƙulli ko ɗaya ba. Da marka ta zo aka yi kwana uku ana ruwa. Yana daji ginin ya rufta, Yalwa da yaran suna ciki.

Bai yi kuka ba. Ya tono su, ya binne su, ya wanke hannu. Masu gaisuwa suka zo, yana amsa musu kamar ana tambayarsa hanya. Abu ɗaya kawai yake son sani: wane ƙulli ne ya kuskure? Ya ɗauki igiya ya sake kama hamada.

Birnin na nan yadda ya bar shi. Awaki a hawan ƙasa, mata na kiran juna daga taga zuwa taga, dabino a shanye. Ya wuce su bai ji komai ba. Ya sake awo tun daga farko. Casa'in da ukun duka daidai suke.

Wani tsohon magini mai suna Agali yana zaune a gindin bango, ya gane shi.

"Bahaushe mai igiya! Wuyanmu ka dawo aunawa?"

"Baba, na gina irin naku. Ya faɗi."

"Me ya kayar da shi?"

"Ruwa. Kwana uku."

Tsohon ya fashe da dariya, ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira. "Kai, zo ka ji ƙarya, wai ruwa kwana uku!" Sai ya dubi fuskar Cindo, dariyar ta tsaya.

"Ɗana, rabonmu da ruwan da ya jiƙa rawani tun haihuwar 'yata, ga ta can da jika. Ta ina ka yi wa ruwan hanyar sauka daga rufi?"

Cindo ya ɗaga kai. Ya bi sorayen da ido ɗaya bayan ɗaya. Duk birnin babu indararo, ko guda. Shi kuma abin da ya gani ya auna.

"Wa ke ciki?" in ji Agali.

"Duka."

Tsohon ya matsa masa a tabarma. Cindo ya zauna, ya jawo bakin igiyar ya ƙara ƙulli ɗaya.

Bai koma garinsu ba. Ya sauka a wani tudu ya gina ɗaki guda, har mutane suka taru aka yi gari, shi ne Tudun Cindo. Har yau ɗin nan ba a ɗora bene a garin, kuma magini ba ya aza tubalin farko sai ya ga indararo a ajiye a gabansa. Igiyar tana hannun sarkin magina. In za a naɗa sabo, akan miƙa masa ita ya ƙirga a gaban jama'a, yana faɗin abin da kowane ƙulli ya auna. In ya zo na casa'in da huɗu sai ya yi shiru.