Manomin da Bai Taɓa Haye Tudu Ba

Akwai wani mutum wanda ba shi da gonar kansa. Wani dattijo mai gonaki ya ji tausayinsa, ya kai shi wata doguwar gonar dawa a bayan gari, ya ce masa, "Ɗana, an riga an yi shuka, noma ya rage. Abin da Allah ya ba mu, mu raba biyu. Kada girmanta ya tsorata ka, ina tare da kai."

Mutumin ya yi godiya, amma ya ɗauki maganar irin wadda manya kan faɗa ce in za a rabu.

Gonar kuwa tana da tudu a tsakiya, wanda yake wannan gefe ba ya hangen wancan. Damina ta yi ƙarfi, ciyawa ta taso. Kafin ya kai gindin tudun, inda ya fara nomewa ya sāke cika, sai ya koma baya. Kullum yana noma yana gunaguni. Ya yi wa fartanya faɗa, ya yi wa rana faɗa, ya ce, "Tsohon nan yana can kwance a inuwa, ni ina nan ina mutuwa ni kaɗai." In ya dawo gida da yamma, yara su watse, har akuya ta san ta ba shi hanya.

Wata safiya ya ce wa matarsa, "Yau zan mayar wa tsohon nan gonarsa."

Ta ce, "Haba maigida, in ka bar ta, me yaran nan za su ci bana?"

Ya ce, "Su ci ciyawa, ai ita ce ta yi albarka."

Da ya isa gona, ya ce bari ya hau tudun ya ga iyakar ɓarnar, don ya sami abin faɗa. Yana kaiwa sama sai ya tsaya cik. Wancan gefen fes yake, dawa ta yi kore shar. Ga dattijon nan a sunkuye da fartanya, gumi ya jiƙe masa riga. A gindin wata ɗorawa kuma ga gorar kunu da ludayi biyu.

Mutumin ya gangara da gudu, ya durƙusa. "Baba, tun yaushe kake nan?"

Dattijon ya yi dariya. "Tun ranar da na kawo ka. Ta hanyar rafi nake biyowa. Kullum in rana ta take ina kiranka mu sha kunu, amma gunaguninka ya fi muryata ƙarfi."

Kunya ta kama shi, gama ya tuna duk abin da bakinsa ya faɗa. Ya fara neman gafara, dattijon ya miƙa masa ludayi ya ce, "Sha tukuna, ya kusa hucewa."

Gonar ba ta ragu ba, rana ma ba ta yi sanyi ba. Amma daga ran nan, da ya iso yakan hau tudu ya gaishe da dattijon, sa'an nan ya kama aiki. In ya gamu da kututturen da ya fi ƙarfinsa, ya yi kira, su tumɓuke shi tare. Bakin da ya saba zagi ya koyi waƙa. Da yamma yara suka riƙa tsere don su karɓi fartanyarsa, matarsa kuwa ta ce, "Maigida, ko wani aka canja mini?" Da kaka ta yi, rumbunsu ya cika har aka kai wa maƙwabta dami.

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar ita ce zaman da Allah ya ba kowannenmu, da aikinsa da wahalarsa. Dattijon shi ne Ubangiji Yesu, wanda ake kira Immanuwel, wato Allah tare da mu. Tudun kuwa shi ne damuwar da take tare mana ido. Ku lura, ba ranar da mutumin ya hau tudu ne dattijon ya fara zuwa ba. Yana nan tun farko. Abin da ya sāke shi ne mutumin ya sani.

Da yawa cikinmu muna cewa "Amin" ran Lahadi, ran Litinin kuma mu fita kamar marayu. 'Yan'uwa, wanda ya san Ubangiji yana kusa ba ya cika mudu da algus, ba ya huce fushinsa a kan 'ya'yansa, kuma in abu ya fi ƙarfinsa ya san wanda zai kira. Ke mai tuyan ƙosai, kai mai tuƙa babur, ku 'yan makaranta, ba sai kun zo sujada za ku same shi ba. Gobe da safe, kafin ku buɗe baki ku yi magana da kowa, ku ce masa, "Ubangiji, ga ni, mu tafi."