Ranar Da Gwada Ya Ƙi Komawa Toka

Dalilin da ya sa namijin ƙadangare yake da jan kai, yake kuma ɗaga wa kowa ƙirji, ku matso ku ji. Kai mai majina, share hancinka tukuna.

A da can, ƙadangaru duk toka-toka suke. Guza ne sarkin katanga, kuma ya kafa doka: kowace safiya kowa ya je juji ya yi birgima cikin toka kafin ya hau shan hantsi. Guza ba wawa ba ne. Ya san idon da ba ya ganin komai sai toka, zuciyar mai shi sanyi take yi, ko an taka shi ba ya cewa uffan. Saboda haka duk damina yake bin rami-rami yana shanye ƙwan matansu, su kuwa sai dai, "Ranka ya daɗe, a sha lafiya."

To, akwai wani ƙadangare, Gwada, matarsa Kuluwa ta yi ƙwanta na fari. Ranar da Guza zai zo, ta dube shi ta ce, "Maigida, yau fa ranar ce. Ba za ka ce komai ba?"

"Me zan ce, Kuluwa? Haka muka taras."

"To, Allah ya bar maka lafiyarka, tunda zuciya dai babu."

Maganar ta soke shi. Ya bi katanga yana tafiya ba ya duban gabansa. A gindin katangar kuwa wani baduku ya jiƙa karan dafi a kasko, wannan jan ruwan da ake rina fatar akuya da shi. Santsi ya kwashi Gwada, sai tsundum, kai ya nutse cikin kasko!

Da ya fito ya leƙa ruwan randa, sai ya ga kansa jawur kamar garwashi. Yara, nan take wani zafi ya taso masa daga ciki. Ƙafafunsa suka miƙe. Ya ruga gida, ya iske Guza har ya sa hanci a bakin ramin, Kuluwa na gefe tana kuka.

Guza ya juyo ya ce, "Kai, wane ɗan iska ne wannan? Gwada? Maza juji, ka shafe wannan ƙazantar!"

"Ba ni zuwa."

"Me ka ce?"

"Kunnenka ƙalau, ranka ya daɗe. Ba ni zuwa. Ƙwan Kuluwa kuma ko ɓawonsa ba za ka lasa ba."

Sauran ƙadangaru suna kan katanga suna kallo, jan nan yana shiga idanunsu. Sai wata tsohuwa, wadda ba a taɓa jin muryarta ba, ta ce, "Ni ma nawa na bara ban yafe ba!" Shi ke nan fa. Mazan suka dinga dirowa suna tsoma kai a kasko, baduku na ihu, "Kai! Kai! Rinina!" Suka kewaye Guza, kawuna jawur, kowa na ɗaga ƙirji yana saukewa.

Guza ya ja da baya. Ya ce, "Gwada, wannan jan ba zai fita ba har jikokinka. Shaho daga sama zai hango ka!"

Gwada ya ce, "Ya hango. Gara a gan ni a tsaye."

Guza ya ja wutsiya ya shige daji. Kuluwa kuwa ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta cif, ko ɗaya bai ɓata ba.

Shi ya sa har yau Guza ba ya zama a katangar gari, jan gwada kuwa yana can ƙololuwarta da rana tsaka. Ya san shaho na sama. Bai sauko daga katangar ba.