Dokin Meerim a Bakin Gada

Akwai wani mai gyaran na'urorin wasan gem a kasuwar birnin Osh, sunansa Dastan. Hannunsa na da kyau, sai dai bakinsa ya fi hannun sauri. Sau uku ya gama wani wasa mai kashi shida da ake kira Mahayin Tsauni, har ya kafa doka: a fara da na biyu, a dawo na ɗaya, sannan sauran. Duk wanda ya saɓa, ya shiga uku da bakinsa.

Wata Talata da hantsi, yana cin samsa, wato irin sambusar can, da abokansa biyu, sai ga wani dattijo rungume da na'ura a cikin tawul. Sunansa Sultanbek, tsohon direban bas.

"Ɗana, ta ƙi kunnuwa. In ta gyaru, ka koya mini kashi na huɗu na Mahayin Tsauni."

Dastan ya ƙifta wa abokansa ido. "Na huɗu, Baba? Kun buga na biyu?"

"Ko riƙe abin ban iya ba."

"To ai hawan doki ta wutsiya ke nan!"

Abokan suka tuntsire da dariya. Dattijon ya yi murmushin yaƙe, ya ce, "Ni dai na huɗun nake so."

Gyaran bai ci awa guda ba. Da ta kunnu, Dastan ya ga na'urar ta cika maƙil. Ya ce a ransa tsoho bai san abin da zai fisshe shi ba. Sai ya goge na huɗu da duk inda aka kai a ciki, ya sa na biyu.

Da la'asar Sultanbek ya dawo.

"Na yi muku gata, Baba. Na share tarkacen. Za ku fara daga inda masu hankali ke farawa."

Dattijon ya daɗe yana kallon allon. "Ina dokin?"

"Wane doki?"

"Ja, a bakin gada. Na 'yata ne, Meerim. Wata bakwai tana kwance, wasan nan take bugawa, ni ina gefe ina ɓare mata rumman. Sunana ta sa wa dokin, wai taurin kanmu ɗaya. Ta ce saura kaɗan ta tsallake gadar. Da bazara ta rasu. So nake in tsallake mata."

Abokan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Dastan ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige.

Kwana uku yana fama da na'urar. Ya kira wani gwani a Bishkek, babban birnin ƙasar, ya gwada duk dabarar da ya sani. Abin da ya goge bai dawo ba.

Ya ɗauki na'urar ya kai gidan dattijon da ƙafarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, kai a sunkuye.

"Baba, ba kuskure ba ne, girman kai ne. Sau biyu kuka faɗa mini."

Sultanbek bai yi faɗa ba. Ya shigar da shi, ya gutsura masa gurasa, ya zuba masa shayi. Da zaginsa ya yi, da Dastan ya fi samun sauƙi.

"Abin da hannunta ya taɓa ya tafi," in ji dattijon. "Amma ban manta hanyar ba."

Daga nan, duk Juma'a Dastan kan rufe shago ya je. Suka ɗauko na huɗu daga farko. Shi ke bugawa, dattijon na nuni da yatsa: "Nan hagu ta bi. Nan ta yi ta masifa." Dastan ya san gajeriyar hanya, amma ya bi ta Meerim.

A mako na shida suka iso gadar. Dastan ya miƙa wa dattijon abin bugawar da hannu biyu. Sau goma sha ɗaya dokin na faɗawa kogi. A na sha biyu ya haye.

"Meerim, mun tsallake," in ji Sultanbek a hankali.

Dastan ya juya fuskarsa wajen taga.

Darasi: Sanin abu ba ya ba ka ikon zaɓar wa wani. Kafin ka gyara wa mutum hanya, tambaye shi me ya kawo shi, domin wata ɓarnar ko nadama ba ta mayar da ita. Tura wa wanda ka san yana saurin cewa "ni na fi sani."