Motar da Ta Ƙwace a Gangaren Kwazari

An ce wai a wani gari da ke bisa tudu an yi wani makanike, Sallau, wanda ya tsufa a ƙarƙashin manyan motoci. Cikin motocin da yake dubawa akwai wata tsohuwar motar katako ta Alhaji Mantau, wadda ke kai mutane da buhunan hatsi kasuwar kwari kowace Laraba. Tsakanin garin da kasuwar akwai dogon gangare da ake kira Kwazari, wanda babbar mota ba ta sauka sai a giya ta biyu, domin birki kaɗai ba ya riƙe ta.

Wata Litinin aka kawo motar, giya ta biyu tana fita da kanta. Sallau ya sauke giyabos, wato akwatin giya, ya tsiyaye man, sai ya ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, haƙoran giyar duk sun cinye. Su biyu kaɗai a rumfa ya gaya wa Alhaji cewa sai an samo sababbin haƙora daga birni, aikin kwana goma ne, kuma kada a yi wa motar lodi kafin nan. Alhaji ya ce a wanke kawai, a zuba sabon mai, a rufe. Jigilar cikin gari zai yi da ita. Sallau bai yarda da maganar ba a ransa, amma ya rufe.

Ranar Laraba da safe ya ga motar ta wuce ta gaban garejinsa, buhuna har sama, mata da tsofaffi a kansu. Ya bi ta da ido, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Kafin azahar labari ya iso: giya ta fita a tsakiyar gangare, birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, direban, Nomau, da mutum takwas sun rasu.

Dangin mamatan suka kai ƙara gaban Alƙali Hashimu. Alhaji Mantau ya ce makanike ya tabbatar masa gyara ya kammala, shi kuwa bai san cikin giyabos ba balle ya yi gardama. Sallau ya ce ya yi gargaɗi an ƙi ji. Ba shaida ko ɗaya, kuma kowannensu ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse. Alƙali ya ga in ya ba da rantsuwa, ɗaya zai ƙara ƙarya a kan jini, gaskiya kuma ta bi mamatan kabari. Sai ya ɗage shari'a, ya sauka kwarin da ƙafarsa, ya daɗe yana duba abin da ya rage na motar.

Da aka sake zama, ya sa aka ajiye sandar giya a gabansa, ta lanƙwashe, ga wata baƙar robar tiyub ɗaure a wuyanta. Ya ce, "Na tarar da wannan roba, ɗayan bakinta a ɗaure da ƙafar kujera. Wanda ya ɗaura ta ya so ya riƙe giya kada ta fita. Ashe dai an sami mai tunanin rayukan da ke cikin motar, kuma kotu ba za ta ƙi duba wannan ba. Sallau, aikinka ne?"

Sallau ya ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da sassauci, kuma Nomau ba zai tashi ya ƙaryata shi ba. Duk da haka ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ni ba ne. Hannuna bai taɓa ɗaure giya da roba ba."

Alƙali ya ce to watakila marigayin ne, Allah ya jiƙansa. Nan Alhaji Mantau ya miƙe da sauri, ya ce shi ya ɗaura ta da hannunsa kafin a fara lodi, 'yan kamasho ma sun gani. Alƙali ya tambaye shi a hankali ko motar ta yi wata tafiya tsakanin gyara da safiyar nan. Ya ce ko kusa, daga gareji aka kai ta ƙofar gidansa, can ta kwana biyu. Ko giyar ta fita a wannan 'yar tafiya? Ya ce ba ta fita ba.

Alƙali ya ce, "An ce maka gyara ya kammala, giya kuma ba ta sake fita ba. To, wa ya gaya maka za ta fita, har ka ɗaure ta?"

Nan kowa ya gane Alhaji ya san gyaran bai kammala ba. Alhaji ya koma ya zauna.

Alƙali ya ɗora masa diyyar rai tara da zaman gidan yari. Sallau ya sauke numfashi, sai ya ji Alƙali ya kira sunansa, ya ce:

"Gaskiyarka ta fitar da kai daga ƙarya, ba ta fitar da kai daga jini ba. Alhaji ya ji cutar da kunne, kai ka gan ta da ido, ka rufe ta da hannunka. Gargaɗinka ka ba mai mota, wanda ba ya ciki; waɗanda ke ciki ba ka ce musu komai ba."

Alƙali ya yanke hukunci cewa Sallau ya bi gidajen nan tara ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da ya gani da abin da ya yi shiru a kai, ya nemi yafewa. Gida takwas suka yafe. Matar Nomau ta saurare shi har ƙarshe daga bayan labule, amma har Sallau ya mutu bai ji amsarta ba.

Shi ya sa masu hankali ke cewa: wanda ya san aibu ya gaya wa mai abu kaɗai, ya sauke rabin nauyi ne, sauran rabin na waɗanda aibun zai faɗa wa, kuma shi ne ya fi nauyi.