Bakwainin da Ya Tsaya a Kilo Biyu

Yaya Habila, ajinka na makarantar Lahadi ni aka ba. Ban kai ka karatu ba, kai ma ka sani. Amma ga misalin da na haɗa wa yaran, daga hirar kwamfutar nan da kake yi mini ina gyangyaɗi.

Akwai wani magidanci da matarsa ta haifi bakwaini, ɗan mitsitsi, har tsoron ɗaukarsa ake yi. Duk ranar kasuwa sai ya ɗauki uwa da ɗa a babur zuwa awo. A asibitin, sikeli haɗe yake da kwamfuta: a ɗora yaro, lamba ta fito a allo. Wanda ya yi manhajar kuwa mutum ne mai son tsari. Ya ga ɗigo da 'yan lambobin da ke bayansa suna cika ido, sai ya sa allon ya riƙa nuna cikakken kilo kawai, wanda ya fi kusa.

Zuwan farko allo ya ce biyu. Mako ya zagayo, biyu. Haka dai, har uwar ta daina ɗaga kai.

Nas ta ce, "A ido dai kamar ya ciko."

Magidancin ya ce, "Sista, ido yana da kara. Na'ura ba ta da ita."

A gida tsofaffi suka ce nonon uwar ne ba kyau, a cire yaro a ba shi kunu. Uwar ta san kunu zai iya kashe shi. Ta roƙa a koma awo ko sau ɗaya. Mijin ya ce to, amma in biyu ce, magana ta ƙare.

Biyu ce.

Ran nan kuwa mai manhajar ya zo duba kwamfutar. Magidancin ya ce masa, "Injiniya, akwatin nan naka bai iya ƙirga ba ne sai biyu? Yaro na ta tsotso, uwarsa ta rame, shi yana nan inda yake!"

Mai manhajar ya ja kujera, ya danna abin da zai danna, ya buɗe gurbi ɗaya bayan ɗigo. Sai lambobin awon baya suka jeru: 1.6, 1.8, 2.1, 2.4. Kwamfutar na riƙe da su tun farko, nunawa ce ba ta yi ba.

Magidancin ya bi su da yatsa, ya ce, "Ashe hawa yake yi."

Uwar ta zauna a benci ta ba ɗanta nono.

To, yara, ma'anar misalin nan ita ce: allon nan idonmu ne. Cikakken kilo kaɗai muke gani, sai mu ce wane bai canza ba, addu'ata ba ta motsa ba. Amma Ubangiji ba ya zubar da abin da ke bayan ɗigo. Ƙanenku da yake ta fama da karatu, babanku da yake ƙoƙarin barin sha, kada ku fid da rai don lambarsu ta jiya ce kuka gani yau.

Yaya, tun da aka binne ka, duk wanda ya ce mini "ya haƙuri?" amsa ɗaya nake bayarwa. Amma jiya na tuna yadda kake ɓata waƙa a coci da muryar nan taka, na yi 'yar dariya. Kaɗan ce, ta bayan ɗigo. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Mama.