Ƙahon da Mati Wanzami Ya Ƙi Kafawa

Duk wanda ya sa mara lafiya ya jefar da maganin asibiti don shi ya samu ciniki, kisan kai ya nufa, ko da bakinsa cike yake da salati. Ku saurara.

An yi wani bawan Allah a wani gari, ana ce masa Mati wanzami, mutum marar hayaniya, zabirarsa duk faci. Wata ranar kasuwa Hashimu tela ya shigo rumfarsa yana ɗingishi, ya naɗe wando. Ƙafar ta kumbura, ga tabo baƙi-baƙi tun daga idon sawu har gwiwa.

Ya ce, "Baba Mati, ƙaho za ka kafa mini. Gambo ya yi mini sau biyu, ya ce mataccen jini ne."

Gambon nan wanzami ne shi ma, rumfarsa na kallon ta Mati, bakinsa kamar rediyo.

Mati ya danna tabon da yatsa, ya ji tauri. Ya ce, "Shekara talatin ina zuƙo mataccen jini, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ɗana, me kake ɓoye mini?"

Hashimu ya sunkuyar da kai, ya ce yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Wata bakwai rabonsa da ƙwayoyin asibiti, don Gambo ya ce su ke ƙona masa jini. "Ko tambayar na mene ne bai yi ba, Baba."

Mati ya mayar da ƙahonsa zabira. "Askata ba ta kai nan ba. Tashi mu tafi asibiti."

Suna fitowa Gambo ya ɗaga murya, "Jama'a, ku zo ku ga wanzami mai tsoron jini! Tsoho, hannu ya fara rawa ne?" Kasuwa ta ɗauki dariya. Kafin wata ya zagayo, askin suna da kaciya duk sun koma wurin Gambo. Ku lura, kalma ɗaya ta isa ta wanke Mati, amma kalmar sirrin Hashimu ce. Ya haɗiye ta. Aka yi masa ba'a, ya haɗiye. Ya wuni ba ko kai ɗaya a gabansa, ya haɗiye.

A asibiti kuwa, bayan gwaji, likita ya ce ciwon daji ne na fata. Wata ƙwayar cuta ke kawo shi, tana kwance a jiki shiru, sai garkuwa ta faɗi ta miƙe. Ya ce da an ƙara jinkiri, da ya shiga ciki. Aka mayar da Hashimu kan ƙwayoyinsa, aka fara masa allurai. Duk ranar allura Mati ke raka shi.

Kumburi ya saɓe, tabo ya dusashe. Ranar da wanzamai suka taru a ƙofar Sarkin Aska, sai ga Hashimu da ƙafafunsa, ba ɗingishi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne mai ƙafar da aka yi wa tsohon nan dariya a kanta." Ya faɗi ciwonsa da bakinsa, ya faɗi wanda ya raba shi da magani. Sarkin Aska ya jawo Mati ya zaunar da shi kan buzunsa.

To, ku ji da kyau. Mai wannan cuta, kada ka yi wasa da ƙwayoyinka. Ka ga baƙon tabo ko ƙullutu, ke kuma kin ga jinin da ba lokacinsa ba, asibiti za ku nufa tun da wuri. Kai mai sana'a, ka san inda saninka ya tsaya, ka riƙe sirrin wanda ya amince maka ko za ka kwana da yunwa.

Shi kuwa Gambo, aka karɓe zabirarsa a gaban mutane, aka rushe rumfarsa. Har ya bar garin, ba wanda ya sake miƙa masa kai.